Zan bar motar lantarki a gida har mu dawo daga Hajji: in cika ta ko in bar ta rabi?

Maman Hanif (Gwarinpa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. In Allah ya yarda ni da maigidana muna cikin maniyyatan bana, kuma kun san jigilar alhazai, ranar tafiya ma sai an sa ido, balle ta dawowa. A ƙaddara kwana 40 ko fiye. Motata BYD ce, ba mu da gareji, a tsakar gida take kwana. Maigida ya ce in cika ta dam in lulluɓe da tamfol. Ƙanena kuma ya ce a bar ta jone da caja har mu dawo. Wanne zan bi? Ba na so in dawo da tsarabar dabino da zamzam in tarar da aikin miliyoyi.

Baban Khalifa:
Wa alaikumussalam. Allah ya sa a yi karɓaɓɓe Hajiya. Maganar Alhaji ita ce daidai. Batir ba ya son yunwa. Na inbatar gidana in aka bar shi ya sauka ya daɗe a haka, ya tafi ke nan. Ki cika ta ɗari bisa ɗari, ki yi tafiyarki hankali kwance.

Mai Sola (Kubwa):
Baban Khalifa, da girmamawa, a nan kam ba na tare da kai. Batirin inbatarka na ruwa ne, mai farantan dalma. Shi wannan gaskiya ne, a cike yake son zama, in ya daɗe a sauke wani farin abu yake kama farantan ya taurare, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Na motar Hajiya litiyam ne, halinsa daban. Abu biyu ke tsufar da shi in yana ajiye: zama a cike dam, da zafi. In suka haɗu, to nan ne ɓarnar ta fi sauri. Ba wai za ki dawo ki tarar ya mutu ba, a'a, a hankali yake rage ƙarfin riƙonsa, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa.

Hajiya, ki buɗe littafin da ya zo da motar, wajen da ake maganar doguwar ajiya. BYD suna cewa a bar shi tsakanin kashi 40 zuwa 60. Ni zan ce ki tsaya a 60, saboda jirgin dawowa ba shi da tabbas.

Baban Khalifa:
To in ya sauka ƙasa gaba ɗaya fa kafin su dawo? Ai gara ya tsufa kaɗan da ya mutu murus.

Abu Yasmin (Maitama):
Tambayar Baban Khalifa tana kan hanya, kada a yi saurin ture ta. Ni Tesla nake hawa, kuma littafinta ya faɗa ƙarara cewa mota a ajiye tana iya zubar da kusan kashi 1 a kowace rana. Ku yi lissafi: kwana 40, kashi 40. Wanda ya bar ta a 50 zai iya dawowa ya same ta a 10. In aka samu jinkirin jirgi na mako biyu, an shiga haɗari. Shi ya sa su shawararsu ita ce a bar mota a jone, a saita iyakar caji a wajen 50, ita da kanta za ta riƙa jan abin da take buƙata. Ƙanen Hajiya bai yi kuskure ba.

Sifili kuma ba abin wasa ba ne. Nissan sun rubuta a sharuɗɗan garantin motarsu ta lantarki mai suna Leaf cewa in ka bar batirin a sifili ko dab da shi fiye da kwana 14, ba ruwansu. Haka in ya wuni ya kwana a zafin da ya wuce digiri 49.

Kawu Mai Fijo:
Ikon Allah. Ni 504 ɗina na bar ta wata uku a Kaduna, na dawo na zuba mai, yara biyu suka tura, ta tashi. Ba littafi, ba lissafi. Ku kuna ta kashi kaza cikin ɗari sai ka ce rabon gado.

Mai Sola (Kubwa):
Kawu a bar mu mu ji da abin da muka saya 😂

Abu Yasmin, wanda ya rubuta wannan littafin yana zaune ne a inda wuta ba ta ƙiftawa. Hajjin bana da damina zai haɗu. Duk wanda ke aikin wuta a garin nan ya san abin da tsawa take yi wa na'urori daga Mayu zuwa Satumba, ya kuma san yadda wuta kan dawo da ƙarfin da ya wuce kima bayan an ɗauke ta. Gidaje nawa ne a Abuja ke da wayar ƙasa ta gaskiya, wadda aka binne ƙarfenta yadda ya kamata? Na sha buɗe akwatin wuta a manyan gidaje in tarar koriyar wayar tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Mota a jone kwana 40 ba mai ido a kanta, a irin wannan layin, ni ba zan ba uwata wannan shawarar ba. Cajar da ke cikin motar in ta ƙone, sai an yi odarta daga waje.

Sannan ba kowace mota ke da wurin saita iyakar caji ba. In tata ba ta da shi, jona ta yana nufin za ta haye ɗari ta zauna a can, mun koma gidan jiya.

Abu Yasmin (Maitama):
Na yarda da batun tsawa. Amma wanda ke da sola da na'urar kare tsawa a gidansa fa? Ni nawa ta inbata yake bi.

Mai Sola (Kubwa):
Kai daban ne Yallaɓai, ka kashe kuɗi. Ko kai ɗin ma, in ba kowa a gidan, zan fi so ka zare.

Kuma kashi 1 ɗin nan da ka kawo, na motarka ne, don ita ba ta cika yin barci mai nauyi ba, kullum tana magana da intanet. Motoci da yawa in aka kashe su aka kulle, babban batirin yankewa yake yi gaba ɗaya, a wata guda abin da zai sauka 'yan kashi kaɗan ne. Hajiya tana da sauran lokaci, ta gwada da kanta: ta ajiye motar kwana uku ko huɗu ba a taɓa ba, ta rubuta abin da allo ya nuna kafin da bayan. Wannan ya fi duk abin da za mu faɗa a nan.

Abu Yasmin (Maitama):
Wannan gaskiya ne. Kuma bari in ƙara wa masu irin tawa, tunda na san akwai su a nan. Abin da ke shan wuta ba batirin ba ne, abubuwan da muke bari a kunne ne. Sentry Mode, wato kyamarorin da ke gadin mota, suna hana kwamfutar barci, ana auna abin da suke ja a wajen wat 200 zuwa 300. Ku ɗauki 250 sau awa 24, kilowat 6 ke nan a rana. A batir mai kilowat 60, kashi 10 ne kullum. Sai ta sauka zuwa 20 sannan take kashe kanta. Akwai kuma tsarin da ke kunna fanka ko AC in cikin mota ya kai digiri 40, wanda a ranar Abuja ta watan Maris kafin azahar an kai. Duk a kashe su. Sannan a daina leƙa manhaja. Duk buɗewa ɗaya tashin motar kake yi daga barci. Mutum yana Mina, maimakon ya yi ta addu'a, yana duba kashi nawa ya rage a Maitama.

Maman Hanif (Gwarinpa):
Ni manhajar ma ba ta aiki a wayata, an ce don motar kasuwar Chana aka yi wa. To wannan fitinar ta wuce ni. Na fahimta dai: kada a cika, kada a bari a jone. Shi ke nan?

Mai Waya (Apo):
Hajiya ba shi ke nan ba. Tun ɗazu ina karantawa ina jira wani ya taɓo wurin da ciwon yake, ba wanda ya taɓa. Duk kuna ta magana a kan babban batir. Ni motocin lantarkin da ake kira na in je gida in duba bayan mai su ya dawo daga tafiya, kusan duk babban batirinsu lafiya lau yake. Ƙaramin ne ke mutuwa, mai bolt 12, irin wanda ke cikin Fijon Kawu.

Mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke kunna allo da kwamfuta, kuma shi ke jan makunnin da ke haɗa babban batir da sauran mota. Kamar maigadi ne da makullin get a aljihunsa: ko Alhaji na ciki da dukiyarsa, in maigadi ya suma ba mai shiga ba mai fita. Za ki ga mota da kashi 70 amma ko ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ga lissafin. Irin wannan batirin yawanci amfiya 45 ne ko kusa da haka. Mota a kulle tana ɗan tsotsar wuta kaɗan-kaɗan don ƙararrawa da na'urar jiran makulli. Sai mu kuma a nan mu ƙara mata tiraka saboda ɓarayi, wani ya ƙara kyamarar gaban gilashi, wani ya bar ɗan abin nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari don duba lafiyar mota a waya. A ce duka sun haɗu sun kai miliamfiya 50. A rana amfiya 1.2 ke nan. A kwana 40, 48. Kin ga an cinye shi tas, tun ma kafin a kai ƙarshe ya daina iya aiki.

Wasu motocin suna farkawa da kansu lokaci-lokaci su ɗan ba shi wuta daga babban. Wasu ba sa yi sai an kunna su. Masu yin ma, in babban ya sauka sosai sukan daina. Shi ya sa ban son a bar mota a kashi 20 a tafi.

Baban Khalifa:
To ka ga maganata ta fito. Shi wannan ƙaramin ai a cike yake so.

Mai Waya (Apo):
Shi kam a cike yake so, Baba. A nan ka ci gari. In na dalma ne. Sababbin Tesla da wasu BYD ƙaramin ma litiyam ne, ba a yi musu irin abin da ake yi wa na dalma. Hajiya ki sa a duba miki wane iri ne a taki. In na dalma ne kuma ya haura shekara biyu zuwa uku a zafin nan, a sa masa mita da safe kafin a kunna mota. Lafiyayye zai nuna wajen 12.6. In kika ga 12.2 ko ƙasa, ki canza shi kafin ki tafi, kuɗinsa bai kai na janwe da wahala ba.

Ummu Sadiq:
Mu namu da za mu yi doguwar tafiya cire kan batir ɗin aka yi, muka dawo aka mayar, ta tashi lafiya.

Mai Sola (Kubwa):
Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ai. A kwance baƙin kai, mai alamar ragewa, a naɗe shi da tsumma. Ba abin da zai ƙara tsotsa.

Mai Waya (Apo):
Injiniya, a motar fetur da ido rufe zan ce haka. A nan sai na ga motar. Na farko, in ka cire, ka kashe tiraka da ƙararrawa, ita tirakar ɗan batirin cikinta ba ya daɗewa. Gida ba kowa, unguwa ta san masu gida suna Makka, ka kuma makantar da abin da zai nuna inda mota take. Na biyu, kwamfutar da ke lura da babban batir da wannan wutar take aiki. Na uku, akwai motocin da ƙofarsu da bonet da but duk na lantarki ne, in ka cire ka rufe, ka kulle kanka a waje. Wanda zai yi, ya fara zaro ɗan makullin ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot ya gwada shi a ƙofa ya ga yana buɗewa. Kuma don Allah duk waya mai ruwan lemo da kuka gani, ba a taɓa ta. Wutar da ke bi ta cikinta ta kai bolt 400, wasu sun fi haka. Kada a kira yaron da ke gyaran janareta.

Mai Sola (Kubwa):
Batun tiraka na karɓa. Sauran kuwa, in littafin motar ya yarda a cire, ni har gobe cirewa zan yi.

Kawu Mai Fijo:
Kun ji ko? Mota da wayar da ke kisa. Waɗannan ba don ƙasarmu aka yi su ba.

Ɗan Rayfield (Jos):
Kawu, tun 2020 aka fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamanin da yake shugabancin NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. In Sakkwato ta ɗauka, ina ga Abuja. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, ka faɗa mana nawa kake cika tankin Fijo.

Kawu Mai Fijo:
Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambayar Hajiya.

Ɗan Rayfield (Jos):
Afuwan Admin. Abin da na shigo faɗa shi ne batun wuri. Mu a Jos muna sama da mita 1,200, sanyinmu alheri ne ga batirin da ke ajiye, ya fi jinkirin tsufa. Da hunturu da asuba za ka ga nisan da allo ke nunawa ya ɗan ragu, in rana ta ɗaga ya dawo, ba lalacewa ba ce. Ku a Abuja zafi ne abokin gabarku. Don haka tamfol ɗin da Alhaji ya ce, ni ban so shi ba. Baƙin tamfol a rana dafa mota yake yi, da damina kuma ya riƙe laima a ƙasa, in iska ta kaɗa ya goge fenti. Inuwa ake nema mai iska: rumfar kwano, ko gefen katangar da rana ba ta daɗewa. Ban da ƙarƙashin mangwaro, reshe zai iya faɗowa da guguwar farkon damina.

A kuma duba inda ruwa ke bi. Mutanen Lokogoma da Trademore a Lugbe sun san abin da nake nufi. Batirin a ƙasan mota yake shimfiɗe. In tsakar gidan tana tara ruwa, a kai motar gidan ɗan uwa mai tudu.

Ummu Sadiq:
Ku ƙara da ɓera. Mota in ta daɗe ba motsi gida suke mayar da ita, su ci wayoyi. A share duk wani guntun biskit na yara, a nisanta ta da kwandon shara da buhunan hatsi.

Maman Hanif (Gwarinpa):
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Akwai rumfa a gidan yayata a Life Camp, can zan kai ta. Tambaya ta ƙarshe: maigadinsu ya saba yi wa motocin gidan wamin kowace safiya. In ba shi makulli ya riƙa yi wa tawa?

Mai Waya (Apo):
A'a Hajiya. Babu inji, babu man da zai zagaya, ba abin da za a ɗumama. Buɗe ta kullum ma tashinta yake yi daga barci ya ƙara cin ƙaramin batir. Mafi muni shi ne ya danna maɓalli ba tare da taka birki ba, allo ya kawo, rediyo ya kama, ya zauna yana jin labarai. A motoci da yawa a wannan yanayin ƙaramin batir kaɗai ke ɗauke da komai.

Abin da ake so, mutum ɗaya mai hankali, sau ɗaya a mako biyu. Ya taka birki ya kunna har sai alamar READY ko OK ta fito kore a allo, don a lokacin ne babban yake cajin ƙaramin. Ya bar ta haka minti 20 zuwa 30. In da hali ya ɗan zagaya layi da ita, saboda taya kada ta kwanta a gefe ɗaya, faifan birki kuma tsatsa yake yi da damina. Ya ɗauki hoton allo ya tura miki. In ya ga ta sauka ƙasa da 30, ya jona ta da rana yana wurin, ba lokacin hadari ba, ta kai 60 ya zare. Makullin kuma a ajiye shi can cikin gida, nesa da motar, don wasu in suna jin rimot a kusa ba sa barci. Kafin ki tafi a ƙara wa tayoyin iska zuwa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Baban Khalifa:
In ƙanen nan naki za ki ba wa, ki rubuta lambar kilomita kafin ki tafi. In ba haka ba zagayen layi zai kai Jabi Lake da yamma.

Maman Hanif (Gwarinpa):
😂 Baba kamar ka san shi. Yayata zan ba wa.

Ɗan Rayfield (Jos):
Saura abu ɗaya, na bayan dawowa. Batirin BYD yawanci wani nau'in litiyam ne da ake kira LFP. Ƙarfin wutarsa kusan ɗaya yake nunawa daga wajen kashi 20 har zuwa 90, don haka kwamfutar ƙiyasi take yi, kuma in mota ta daɗe a tsakiya ƙiyasin yakan kauce. Allo zai iya cewa 40 alhali bai kai ba. Maganinsa a cika ta har ɗari, da cajar gida a hankali, a bar ta ta gama da kanta, nan take daidaita lissafinta. Ko Tesla masu irin wannan batirin ana cewa a riƙa kai su ɗari sau ɗaya a mako in ana hawa. Kada ki dawo ki ga 45 ki ce bari in je Jos gaida dangi. Hawan Kibo ba ya karɓar ƙiyasi.

Abu Yasmin (Maitama):
Mai Waya, in an yi duk wannan kuma aka dawo aka tarar ta ƙi buɗuwa fa? Janwe?

Mai Waya (Apo):
Kada a yi saurin kiran janwe, kuma ko an kira, ɗaukarta ake yi cak a kan mai shimfiɗa, ba a jan ta tayoyi na gudu a ƙasa, don injin lantarkin da ke juya ta yana haɗe da tayoyin. A fara buɗewa da makullin ƙarfe, a nemo ƙaramin batir ko wurin jona shi da littafin ya nuna, a haɗa masa wani batir mai bolt 12, ja da ja, baƙi da jikin ƙarfe. Ba a buƙatar ƙarfi mai yawa kamar na tayar da inji, kwamfuta kawai ake so ta farka. Da READY ta fito a zare wayoyin a bar ta a kunne. Daga baya a auna batirin, don na dalma in ya taɓa mutuwa murus da wuya ya koma daidai. Ita kuma kada a yi amfani da ita wajen tayar da motar fetur, ko ta Kawu ce.